Malamin Gona A Kan Sikelin Citta

A ƙasar Kataf, kamar yadda yake a sauran sassan Arewa, in mutum ya daɗe bai ga ɗan'uwansa ba, sa'an nan suka yi kiciɓis a kasuwa, babu gaisuwar da ta fi daɗin ji kamar a ce masa, "Kai, wane, ka yi ƙiba!" Wanda aka faɗa wa sai ya yi murmushi, ya shafa tumbi, ya ce ai rufin asiri ne. Amma in aka ce wa magidanci ya rame, to, an buɗe bincike ke nan: ko ciwo ne, ko bashi, ko kuwa matarsa ce ba ta kula da shi. Wannan hali na jama'a shi ne ya fi ba wani dattijo na Samaru Kataf wahala sa'ad da likita ta umurce shi da ya rage nauyi. Yunwar da ya ji, da ciwon gwiwa, duk ba su kai bakin mutane zafi ba.

Dattijon nan kowa Malamin Gona yake kiransa, ko da yake ya bar aiki tun shekarar 1976 ta cika shekara talatin da biyar, watau a 2011. Ya shiga aikin gwamnati ne yana ɗan shekara ashirin, a daidai lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirinta na ciyar da ƙasa. Waɗanda suka san shi a wancan zamani sun ce siriri ne kamar sillen kara. Keken Rali gwamnati ta ba shi, a kansa yake zaga ƙauyukan da ke tsakanin Samaru da Zonkwa da Zangon Kataf, yana koya wa manoma sa takin zamani da shuka a jere. In damina ta yi nisa, rafuffuka suka kawo, sai ya saɓa keken a kafaɗa ya haye. Ran da ba ya wurin aiki yana gonar mahaifinsa da garma. A lokacin nan malmala uku ta tuwon dawa yake tashi da ita, ba a ga inda ta shiga ba.

Daga keke sai babur. Da aka kafa shirin bunƙasa aikin gona na Jihar Kaduna, aka ajiye hedkwatar shiyyar kudu a nan Samaru, sai aka ɗaga shi ya zama mai duba aikin wasu, aka ba shi tebur da kujera da mota a-kori-kura da direba. Malmalar nan uku kuwa ba ta ragu ba, sai ma nama da ya ƙaru a miya. Kafin ya cika arba'in da biyar tumbi ya fito sosai, mahaifinsa kuma, wanda bai taɓa yin ƙiba ba har ya koma ga Ubangiji, yakan dube shi da alfahari ya ce wa baƙi, ga ɗansa nan, gwamnati ta riƙe shi da kyau. Da ya yi ritaya sai aka naɗa shi dattijon ikilisiya, ya zama ba a ɗaurin aure, ba a bikin suna, ba a taron ƙungiyar gari sai an sa shi a babban tebur. Tuwon girma kuwa, an sani, miyarsa nama. Kowane taro da cinyar kaza, da shinkafa dafa-duka mai naso, da lemon kwalba biyu, ɗaya a sha a nan, ɗaya a tafi da shi gida.

Jiki magayi. Da fari gwiwa ce ta soma ƙara in zai tashi daga kujera. Sa'an nan minshari, har jikoki suna yi masa dariya. Sa'an nan gyangyaɗi a tsakiyar wa'azi, shi da ke zaune a gaba inda kowa ke ganinsa. Daga baya sai ƙishirwa wadda ba ta jin ruwa, da tashi fitsari sau huɗu ko biyar kafin gari ya waye. Duk wannan ya ɗauke shi a kan tsufa ne. Abin da ya girgiza shi shi ne wani abokin aikinsa na dā, sa'ansa, wanda suka yi zamanin keke tare, suka kuma yi zamanin kujera tare. A farkon 2023 mutumin nan ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Malamin Gona ya je dubiya, ya tarar da ƙaton mutum kwance, matarsa da 'ya'yansa maza biyu suna fama su juya shi su canja masa zane, sun kasa sai da aka kira maƙwabci. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Duk da haka sai da ya ƙara wata shida yana ja da baya, kāna 'yarsa, wadda take aikin jinya a Jos, ta zo da kanta ta sa shi a mota zuwa asibiti a Kafanchan.

Awon jinin da aka yi masa da safe kafin ya karya kumallo ya nuna sukari ya kai 11, alhali kuwa daga 7 likitoci ke cewa ciwon sukari ya kama mutum. Hawan jini ya nuna 164 bisa 98, iyakar kuwa 140 bisa 90 ce. Likitar, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, ta rubuta masa ƙwayoyi, sa'an nan ta ajiye alƙalami ta ce, "Baba, magani zai yi nasa, amma rabin aikin yana hannunku. Nauyinku kilo 104 ne. Ina so ku sauke goma cikin shekara guda, a hankali, ba da gaggawa ba." Ta yi masa bayani cewa kitsen da ya fi haɗari shi ne na ciki, wanda ke taruwa a hanta da kewayen hanji, domin shi ne ke hana sinadarin insulin aikinsa na kwashe sukari daga jini. Ta ce ƙa'ida mai sauƙi ita ce kada faɗin ƙugun mutum ya wuce rabin tsawonsa. Shi tsawonsa inci 67 ne, telansa kuwa ya daɗe yana yanka masa wando a kan inci 46.

Bai yarda da sikelin asibitin ba. Ya ce ƙaramin abu kamar faranti ina zai iya auna namiji. Saboda haka kashegari ya nufi shagon wani tsohon amininsa, Alhaji, Bahaushen Zango mai sayen citta da masara da waken soya, wanda suka saba tun yana malamin gona shi kuwa Alhaji yana yaron dillali. A daminar shekarar nan ce wata cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da kewayensu, ta ruɓar da gonaki masu yawan gaske, manoma da 'yan kasuwa suka tafka asara. Babban sikelin Alhaji, wanda ake aza buhu a kai, yana nan a ƙofar shago ƙura ta rufe shi. Malamin Gona ya tuɓe takalmi ya hau. Alhaji ya matsa ƙarfen awo, ya sake matsawa, ya duba, sa'an nan ya kece da dariya ya ce, "Malam, ai ka fi buhun masara da kilo huɗu. Da hatsi ne kai, da na biya da daɗin rai." Ya jawo littafinsa na ciniki, ya buɗe shafin baya, ya rubuta kwanan wata da lamba 104. Suka yi alkawari kowace ranar kasuwa ta farkon wata za a sake awo.

A hanyarsa ta komawa gida ne wani tunani ya zo masa wanda ya ba shi kunya. Shekara da shekaru yana koya wa mutane kiwon turke. Ya san karatun kamar sunansa: in kana so rago ya yi ƙiba kafin Sallah ko Kirsimeti, ka ɗaure shi wuri guda kada ya yi yawo, ka cika masa gaba da dusa da angurya da harawar wake, ka ba shi kanwa don ya ji ƙishirwa da marmarin ci, cikin wata uku ka ga abin mamaki. Ragon da ke bin garke zuwa daji ba ya tara kitse ko da ya fi na turke ci. To, shi me aka yi masa tun ran da aka karɓe keke aka ba shi kujera, in ba turke ba? Har kanwar ma ba a rasa ba, ga gishiri da dunƙulen miya.

A nan ya kamata a gyara wani zance da ya zama ruwan dare, wai da mutum ya ba arba'in baya sai injin jikinsa ya yi sanyi, ko ruwa ya sha sai ya zama kitse. A shekarar 2021 mujallar kimiyya ta Science ta buga wani babban bincike da aka yi a kan mutum fiye da 6,400 daga ƙasashe 29, tun daga jarirai har tsofaffi tukuf. Abin da aka gano shi ne, yadda jiki ke ƙona abinci ba ya canjawa sosai tun daga shekara ashirin har zuwa sittin, in an yi la'akari da girman jikin. Sai bayan sittin ne yake soma raguwa, shi ma da ƙasa da kashi ɗaya cikin 100 a shekara. Ashe tumbin ɗan shekara arba'in da biyar ba laifin shekaru ba ne. Ƙafa ce ta daina tafiya, akushi kuwa bai sani ba.

Sai dai sanin karatu daban, aiki da shi daban. Abin da Malamin Gona ya fara yi wauta ce, shi ma yakan faɗa da bakinsa. Ya ji wani mai tallar magani da lasifika a tashar mota yana kirarin wani shayi mai narkar da teɓa cikin kwana bakwai, ya saya a ɓoye. Ya kuma yanke wa kansa hukuncin barin karin kumallo da abincin rana gaba ɗaya, alhali yana shan ƙwayar sukari. Shayin nan ashe maganin zawo ne kawai aka yi wa kwali mai kyau. Kwana huɗu yana zarya bayan gida. A rana ta biyar, yana tsaye a bakin gona, sai gumi ya keto masa, hannu ya kama rawa, ido ya rufe, ya zube. Allah ya sa akwai yara kusa, aka ɗauko shi, aka ba shi ruwan sukari ya farfaɗo. Kilo uku da ya zubar a makon nan ruwan jiki ne, kafin mako biyu sun komo. 'Yarsa ta bugo waya, ta manta da ladabin 'ya da uba na ɗan lokaci, ta ce, "Baba, mai shan maganin sukari ba ya zama da yunwa haka kawai, sukarin zai faɗi ƙasa ya kashe ku kafin ƙibar ta kashe ku. Kuma duk abin da za ku sha, ku nuna wa likita tukuna." Ɗansa da ke Abuja kuma ya kawo zancen allurar rage ƙiba da ake yayi a Amurka da Turai. Allurar tana aiki, ba ƙarya, amma kuɗinta na wata ya fi ƙarfin fanshon malamin gona, kuma an auna an ga waɗanda suka daina ta sukan mai da kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke kafin shekara ta zagayo. Aka bar wannan magana.

Daga nan ya koma ga abin da ya iya, watau lissafin abincin dabba, ya juya shi a kan kansa. Ya zauna da takarda ya rubuta duk abin da ke shiga bakinsa daga safe zuwa dare, har da ƙosan da yake saya a hanya da gyaɗar da yake ɓarewa wajen hira. Abin da ya fi ba shi mamaki mai ne da abin sha. Mai, ko manja ko man gyaɗa, ya ninka tuwo ƙarfi fiye da sau biyu in an auna su nauyi ɗaya, ga shi kuwa a gidansa ludayi ake sa wa a kwarara. Lemon kwalba guda yana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi tara, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada babban mutum ya wuce kamar cokali goma sha biyu a yini, da na shayi da na kunu da kome da kome. Ya soke lemo, ya soke sukari a kunu. Malmala uku ta koma ɗaya da rabi, daga baya ɗaya. Gurbin da ta bari a kwano aka cika shi da ganye: zogale, da yakuwa, da alayyafo, da kabeji, da rama. Jikokinsa har waƙa suka mai da abin, wai Kaka yana cin rama don ya rame.

Mutane da yawa sun ba shi shawarar ya koma cin acca, tun da ƙasar nan da Filato su ne gidanta, kuma an ɗauke ta maganin ciwon sukari. Acca abinci ce mai kyau, ba a musu, amma hatsi ce kamar sauran hatsi. Wanda ya tasa tulin tuwon acca a gaba ya share, sukarinsa zai hau kamar na wanda ya ci shinkafa. Ya gane haka ne da ɗan abin awon sukari da 'yarsa ta saya masa. Abin da ya fi yi masa amfani shi ne fate mai yawan ganye da wake, ɗan tsaki kaɗan, domin yana riƙe ciki har la'asar.

Wake da ƙwai da kifi da nono kuwa likita ce ta nace a kansu, saboda wani dalili da ya bambanta ramar tsoho da ta yaro. Tun daga wajen shekara talatin tsokar jikin mutum take soma zaizayewa, kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, bayan sittin kuma abin ya ƙara sauri. In tsoho ya rage ci kawai bai motsa jiki ba, jiki ba ya zaɓe, da kitse da tsoka duk zai ci. Sai a wayi gari sikeli ya yi daɗin gani, mutum kuwa ya kasa tashi daga tabarma sai an kama shi, in ya faɗi ƙashin ƙugu ya karye. Malamin Gona ya san wannan a jikin shanu: akwai bambanci tsakanin san noma mai ƙirar ƙarfi da saniyar da rani ya cinye, ko da nauyinsu ya zo ɗaya. Don haka ya ciro garmarsa daga rumbu, ya karɓi kadada kwata daga hannun 'yan ƙwadago ya ce wannan tasa ce. Ranar farko kunya biyar ya yi ya zauna yana haki.

Tafiya kuwa gwamnati ce ta taimake shi ba da niyya ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mai ya ninka wajen sau uku, tsohuwar Fijo ɗinsa ta koma ƙarƙashin mangwaro. Dā acaɓa yake hawa ko da zuwa bakin kasuwa ne. Yanzu sai ya riƙa fita da asuba, ya bi hanyar da ta wuce ta gaban makarantar koyon aikin gona ta Nuhu Bamalli, ya yi minti goma sha biyar ya juyo. Ƙa'idar da masana suka bayar ita ce aƙalla minti 150 a mako, watau rabin sa'a sau biyar. Ba ƙaramin abu ba ne: a wani gwaji da aka yi a Amurka, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2002, mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon sukari, da aka sa su wannan tafiya da sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58, na waɗanda suka haura sittin kuwa da kashi 71. Gwiwa ta yi ta ƙorafi wata biyu, sa'an nan ta yi shiru, gama kowane kilo guda da ya sauka daga jiki, kamar kilo huɗu ne aka ɗauke wa gwiwa a kowane taku.

Littafin Alhaji ya nuna 102, ya nuna 100, ya nuna 98. Wajen Ista ta 2024 aka rubuta 96. A nan ne fa wahalar gaske ta soma.

Riguna suka yi masa yawa, wuya ya fito, fatar haɓa ta saki. Mutanen da dā suke ce masa "ranka ya daɗe" suka koma "sannu, Baba, yaya jiki?" In ya ce lafiyarsa lau, sai su ce Allah ya ƙara sauƙi. Wata Lahadi aka sa sunansa cikin jerin marasa lafiya da za a yi wa addu'a, yana zaune a wurin. Masu shekaru ba su manta da shekarun 1990 ba, lokacin da ƙanjamau ta shigo, rama ta zama kamar takardar sammaci, saboda haka akwai masu kallonsa ta wutsiyar ido. Wasu suka ce asiri aka yi masa a kan rikicin gona. Shi duk wannan dariya yake ba shi. Wadda abin bai ba dariya ba ita ce uwargidansa.

Shekara arba'in da biyu tana dafa masa abinci, kuma a idon garin nan tumbinsa shi ne shaidar aikinta. 'Yan zumuntar mata suka zo mata su uku, suka yi ta kewaye-kewaye, daga bisani babbarsu ta ce, in akwai abin da ya gaza a gidan, ai ba kunya, a faɗa musu. Bayan su sai ga yayarsa daga ƙauye, tsohuwa mai kusan tamanin, da zakara a hammata da galan na manja. Ba ta ko zauna ba ta dubi ƙanenta sama da ƙasa, ta juya ta ce, "Matarmu, haka muka ba ki shi? Ganye kike ba shi kamar akuya? In kin gaji ne ki faɗa, muna da hannu." Uwargida ba ta tanka ba, ta durƙusa ta karɓi zakara ta yi godiya, ta shiga madafa.

A wata biyu da suka biyo baya sikeli ya tsaya cik, har ya ƙara kilo ɗaya. Malamin Gona ya bi lissafinsa bai ga inda ya kauce ba. Sai wata rana da yamma ya shiga madafa neman ashana, ya tarar tana tsiyaya manja a cikin faten da ta riga ta zuba masa, tana juyawa don kada ya gani. Suka tsaya suna duban juna. Ya ce, "Haba, Mama, kashe ni za ki yi?" Ta ajiye galan, ta ce, "Maigida, kai in ka fita, cewa za a yi ka rame. Ni in na fita, cewa ake yi na kasa. Kai kana da likita da takarda da za ka nuna. Ni me zan nuna?" Ya buɗe baki, ya rasa abin faɗa, gama gaskiya ta faɗa. Shi ya yi ta lissafin mai da sukari, bai taɓa sa wannan a lissafi ba.

Abin da ya yi daga baya bai warware kome gaba ɗaya ba, amma ya rage. Ranar komawarsa asibiti ya ce ta raka shi, ya roƙi likita ta maimaita bayanin a gabanta. Likitar ta nuna mata lambobin farko da na yanzu, ta ce, "Mama, wannan aikinku ne, ba na ƙwayoyina kaɗai ba." Ta kuma ce tun da an zo, bari a auna ta ita ma. Aka tarar jininta ya fi nasa hawa, ba ta sani ba. Ranar Lahadi kuma, da aka ba da dama ga masu godiya, ya miƙe a gaban jama'a ya faɗi sunan ciwonsa da bakinsa, abin da dattawa ba su cika yi ba, ya ce ramar nan da gangan ce, umurnin likita ne, kuma matarsa ce ke riƙe da shi. Wasu suka gamsu. Yayarsa ba ta gamsu ba, har yau kuwa ba ta gamsu ba. Uwargida ta soma binsa tafiyar asuba, amma da sharaɗi: sai ta riƙe ƙaramar fartanya, don duk wanda ya gan su ya ce gona za su.

Kada kuwa a yi saurin raina tsoron da jama'a ke yi wa rama, domin yana da tushe. Ramar da mutum bai nema ba mugun alama ce, musamman ga mai shekaru. Likitoci sun ce wanda ya zubar da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata shida zuwa shekara ba tare da ya yi niyya ba, lalle ya je a bincika, gama tarin fuka da ciwon daji da ƙanjamau da shi kansa ciwon sukarin da ba a kula da shi ba, duk da haka suke sallama. Misalin wannan kuwa a gaban Malamin Gona ya faru. Alhaji, don wasa, yakan hau sikelin shi ma bayan amininsa ya sauka, ya rubuta nasa a gefe. Mutum ne marar jiki tun asali, kilo 63. Wata rana Malamin Gona ya karɓi littafin yana duba nasa, sai idonsa ya faɗa kan ɗaya layin: 63, 62, 60, 58. Ya ce, "Alhaji, kai me kake ragewa?" Alhaji ya ce babu, azumi ne ya wuce, ga kuma asarar citta da ta hana shi barci. Tarin da yake yi kuwa, ai ƙurar shago ce. Babu wanda ya taɓa yi masa sannu, tun da ba a saba ganinsa da tumbi ba balle a ga ya faɗa.

Malamin Gona ya yi masa abin da 'yarsa ta yi masa. Ya zuba wa Fijo mai na dubban nairori, ya zo ƙofar shago ya ce ba zai tafi ba sai da shi. Aka auna majina, aka ce tarin fuka ne. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida ana sha ba fashi. Aka kuma ce a kawo mutanen gidansa a duba, da shi Malamin Gona kansa, tun da mai ciwon sukari ya fi saurin kamuwa. Nasa ya fito lafiya.

A watan Nuwamba na 2024 littafin ya nuna 92, watau kilo goma sha biyu cikin wata goma sha huɗu. Sukarin safe ya sauko wajen 6 da ɗoriya, likita ta rage masa ƙwaya ɗaya, ta ce sauran sai an ga yadda hali ya yi, kada kuma ya kuskura ya daina da kansa. Tela ya rage wando zuwa inci 40, ya yi ta gunaguni wai ana ɓata masa yadi. Sa'an nan Kirsimeti ta zo, da bukukuwan aure na ƙarshen shekara, da bikin Afan na Kagoro ran 1 ga Janairu, yaya kuma ta aiko da zakaranta kamar kullum, aka yanka, ya ci cinya.

Ranar kasuwa ta farkon Fabrairu ya zo shago, ya jira aka sauke buhunan waken soya, ya tuɓe takalmi ya hau. Alhaji ya matsa ƙarfe, ya ce 94. Malamin Gona ya ce a sake dubawa, sikelin nan ya tsufa. Alhaji ya ce sikelin da ya yarda da shi ran da ya ce 104, shi ne dai wannan. Sa'an nan ya miƙa masa alƙalami, ya tattare riga, ya hau shi ma. Malamin Gona ya sa tabarau, ya sunkuya, ya rubuta 62 a gefen nasa.